Kwali a Matsayin Shaidar Mallaka: Tsara Murfin Albam a Aikin Ɗaliban Sadarwa, Misali Daga Wuro Hausa, Yola

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi aikin da akan ba ɗaliban sadarwa da na zane, wato su tsara kwalin albam na waƙoƙi, ta kuma ƙalubalanci yadda aka saba ɗaukar aikin a matsayin gwajin iya haɗa hoto da launi. Ta bi sawun kwali daga zamanin faifan garmaho zuwa kasuwar kaset ta Ƙofar Wambai a Kano, inda kwali ne ya riƙe haƙƙin mai fim, sannan ta gangaro Yola ta ɗauki unguwar Wuro Hausa a matsayin filin gwaji. Matsayarta ita ce, a garin da waƙa ke yawo daga waya zuwa waya cikin harshe fiye da ɗaya, aikin farko na kwali shi ne ya riƙe sunaye, ya rubuta su daidai, ya kuma kuɓuta da su daga hannun mai turi da na mai ɗab'i.

Gabatarwa



A Yola da kewayenta akwai makarantun da ɗalibi zai iya cin karo da irin wannan aiki a cikinsu: Jami'ar Modibbo Adama da ke wajen Girei, mai sashen zanen masana'antu, Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wadda ta fara karatu a 2005, tana koyar da sadarwa haɗe da zane na kwamfuta, sai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa, inda ake koyon aikin jarida. Duk inda aka ba da aikin, siffarsa kusan ɗaya ce. A ce wa rukunin ɗalibai su samo waƙoƙi kaɗan, nasu ko na wani, su tsara musu murfin gaba da na baya, da tambarin da za a manna a jikin faifai, wani lokaci har da fosta.

Malamai na son aikin domin ƙarami ne amma ya tattaro hoto da rubutu da awo da ɗab'i wuri guda. Ɗalibai kuwa na sonsa domin a nan ake baje kolin gwaninta a Photoshop. Sai ka ga an shafe kwanaki ana gyaran fuskar mawaƙi, ana zuba mata hayaƙi da walƙiya, sunayen waƙoƙi da na masu kiɗa kuma sai daren miƙa aiki ake tunawa da su, a cusa su a bayan kwali da ƙananan haruffa, babu wanda ya sake dubawa. Ina ganin an juya abin ne kai a ƙasa, kuma tarihin kasuwarmu ta Arewa ya ishe mu hujja.

Daga faifan garmaho zuwa Ƙofar Wambai

Zanen murfin faifai bai daɗe a duniya ba. Kafin 1940 galibin faya-fayen garmaho suna zuwa ne a cikin takarda mara ado, sai wani matashi mai suna Alex Steinweiss, ma'aikacin kamfanin Columbia a Amurka, ya shawo kan iyayen gidansa suka fara buga zane a murfi. A 1948 kamfanin ya fito da dogon faifai mai faɗin inci 12, mai zane ya samu fili na kusan santimita 31 kowane gefe. Tun daga nan filin ke raguwa. Kaset ɗin da Philips ya fitar a 1963 murfinsa bai wuce tafin hannu ba, faifan CD na 1982 ya tsaya a santimita 12, yau kuwa murfin da mai sauraro ke gani a wayarsa bai fi farcen babban yatsa ba.

A Nijeriya, sunan da ake fara ambata shi ne Lemi Ghariokwu, wanda ya zana murafai 26 na faya-fayen Fela Kuti, ya fara da Alagbon Close a 1974 tun bai kai shekara 20 ba, kuma ba a makarantar zane ya koya ba. Ɗalibai sukan ɗauki launukansa da cunkoson hotunansa. Abin da ya fi dacewa su ɗauka shi ne tsarin aikinsa: yakan saurari waƙar, ya ji bayanin mai ita, sannan ya zana, kuma murafansa cike suke da rubutu, har mai saye ya iya zama ya karanta su kamar jarida.

A Arewa labarin ya bambanta. Kamfanin EMI ya buga faya-fayen Mamman Shata, amma mafi yawan jama'a ta rediyo suka san waƙoƙinsa, sai kuma ta kaset ɗin da ake kwafa a kasuwa, a rubuta suna da biro a jikinsa. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tantance shekarar da aka yi wata waƙa ta Shata ko ta Musa Ɗanƙwairo, ko ya nemi sanin wa ya riƙe kalangu ko kotso a ranar, su wa suka yi amshi, ya san irin asarar da rashin kwali ya jawo mana. Sai dai a nemi tsofaffin da suka ga zamanin, su kuma kullum raguwa suke yi.

Da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, kwali ya samu matsayin da ban san ya samu irinsa a wata kasuwa ba. Brian Larkin (2008), wanda ya yi nazarin kasuwar Ƙofar Wambai, ya bayyana tsarin dalla-dalla. A wancan lokacin mai fim yakan kai wa dillalai uwar kaset, ya kuma buga dubban kwalaye. Dillali shi ke da injinan kwafa da kaset ɗin da ba a ɗauki komai a kai ba, shi zai kwafa gwargwadon bukatarsa, amma kowane kaset sai ya shiga kwalin da ya karɓa daga mai fim. Ke nan kuɗin mai fim a yawan kwalin da ya shiga kasuwa yake, kuma haƙƙin mallakarsa a jikin takardar nan yake rataye. Wanda ya kwafi kaset yana cikin tsari. Wanda ya buga kwalin jabu shi ne ɓarawo. Masu sana'ar ba su koyi wannan a aji ba, yanayin kasuwa ne ya koya musu cewa sauti da hoto ba sa tsaruwa, takarda ce kaɗai za a iya ƙirgawa.

Bayan da waƙa ta koma cikin memori

Yau wanda ya zagaya kasuwar Jimeta zai tarar da masu turi a rumfunansu, kwamfuta a gaba, ana miƙo musu memori ko filasha suna zuba waƙoƙi da finafinai. Direban Keke Napep da ke jigila tsakanin Jimeta da cikin Yola daga nan yake samun abin da yake sakawa. Saura kuma ta Xender da Bluetooth da WhatsApp suke karɓa daga abokai, masu data su leƙa Audiomack ko Boomplay ko YouTube. A wannan tafiya babu kwalin takarda ko ɗaya. To me ya rage wa ɗalibin da aka ce ya tsara kwali?

Abu uku ne ke bin waƙa a wannan hanya. Na farko sunan fayil, shi ne kuma mafi rauni, domin WhatsApp kan sauya shi da jerin haruffa da lambobi, mai turi ma yakan sake masa suna yadda zai gane. Na biyu bayanan da ake cusawa a cikin fayil ɗin MP3 kansa, waɗanda ake kira ID3: sunan waƙa, sunan mawaƙi, sunan albam, shekara, da ƙaramin hoton murfi. Waɗannan sukan zauna a ciki ko an sauya sunan fayil, muddin an cike su tun farko, kuma ɗalibai da yawa ba su ma san da gurbin ba. Kamfanonin da ke ɗora waƙa a dandalin saurare sukan nemi murfi mai kusurwa huɗu daidai, fiksel 3000 a tsaye, 3000 a kwance, amma wayar mai sauraro za ta matse shi ya koma ɗan mitsitsi. Murfin da ba a iya karanta sunansa a wannan girman bai yi aikinsa ba, komai kyansa a allon kwamfuta.

Na uku shi ne muryar mawaƙin kanta, kuma a nan Bahaushe ya riga masana. Mawaƙan situdiyo na yau sukan ambaci sunansu da na mai kiɗa da na situdiyon a cikin waƙar, domin sun san abin da aka rera ba mai gogewa. Al'adar ta girme su. Marubuta waƙoƙi na ƙarni na 19, na Hausa da na Fulfulde, sukan sa sunansu a baitocin ƙarshe, su kuma ɓoye shekarar da suka yi waƙar cikin ramzi, wato haruffan da ke ɗauke da lissafi. Littafin da ba a ɗinke ba kuwa tadarishi ke riƙe shi, a saka a gafaka. Don haka idan muka ce wa ɗalibi kwali yana da jiki uku, na takarda da na cikin fayil da na cikin murya, ba baƙon tunani muka kawo masa ba.

Wuro Hausa: wane harshe, waɗanne haruffa?

Bari mu ƙaddara misali. Rukunin ɗalibai sun shiga Wuro Hausa, a cikin tsohon garin Yola da Modibbo Adama ya kafa a 1841, sun naɗi waƙoƙi takwas: na biki daga bakin mata, na bege, na wani matashi mai rera nasa a kan kiɗan fiyano, da guda biyu cikin Fulfulde. Suna so albam ɗin ya shiga hannun mutanen unguwa, ya kuma haura Jimeta, inda Bachama da Chamba da Kilba da Margi da Higgi da 'yan kasuwa daga Kudu suke cuɗanya, Hausa ce kuma ke haɗa su. Kada mu manta cewa a Adamawa masu rera waƙa da Hausa ba Musulmi kaɗai ba ne. Ƙungiyoyin zumuntar mata na majami'u irin su LCCN mai hedikwata a Numan da EYN sun daɗe suna rera waƙoƙinsu da Hausa suna kuma naɗar su. Ga Garwa can a Kamaru, a bakin wannan kogi na Binuwai, inda waƙar Fulfulde ke da kasuwa. Tambayar farko da ke gaban ɗaliban nan, tun kafin su taɓa launi, ita ce da wane harshe za a rubuta sunan albam, wanne zai hau sama, wanne zai zo da manyan haruffa. A gari mai fada da tarihi irin Yola, wannan jeri magana ce, kuma masu karatu za su ji ta ko mai zane bai nufa ba. Shawarata ita ce kowace waƙa ta zo da sunanta cikin harshen da aka rera ta, fassara ta biyo a ƙasa da ƙaramin rubutu, Ingilishi kuma ya tsaya a inda ake bukatarsa don malamin da zai duba aiki ko baƙon da zai saya.

Daga nan sai matsalar haruffa masu lanƙwasa, wadda a ganina ita ce babbar abin kunyar ɗab'inmu. Hausa na bukatar ɓ da ɗ da ƙ. Fulfulde na bukatar ɓ da ɗ da ƴ da ŋ, bisa tsarin da ya samo tushe daga taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966. Mafi yawan samfuran haruffa na ado, irin waɗanda ɗalibai ke saukewa kyauta don rubuta take, ba su da waɗannan. Abu biyu ke faruwa. Ko dai manhajar ta aro harafin daga wani samfuri, sai ka ga ƙ siririya tsaye a tsakiyar kalma mai kauri, ko kuma ta ajiye ɗan akwati a gurbinsa. Ɗalibi ya ga haka, sai ya cire lanƙwasar ya huta. Albam ɗin da aka raɗa wa suna Baƙin Yola ya fito a matsayin Bakin Yola, an buga, an yanka, an raba.

Manyan baƙaƙe sun fi wahala, ga shi kuma da su ake rubuta take. Samfurin da ke da ɗ ba lallai ya kasance yana da Ɗ ba. Babban Ŋ ma siffa biyu gare shi, ɗaya mai kama da N, ɗaya mai kama da ƙaramin n da aka kumbura, ta biyun ce aka fi sani a rubutun harsunan Afirka. Maganin bai da tsada. Noto na Google, da Charis da Andika da Gentium na SIL, duk kyauta ne, duk suna da haruffan. Ɗalibin da ya nace sai samfurin ado, to ya zauna ya zana lanƙwasar da hannunsa ta dace da kaurin sauran, wannan ma darasi ne mai kyau, ya fi hayaƙi da walƙiya amfani.

Akwai wani kuskure da ya keɓanta da wuri irin Yola. Ɗalibin da ya iya ƙa'idar rubutun Hausa yakan ɗauka ita ce ta Fulfulde. Hausa ba ta nuna dogon wasali a rubutun yau da kullum, Fulfulde kuwa tana ninka shi, shi ya sa sarautar da muke rubutawa Lamido take zuwa Laamiiɗo a rubutun masu harshen. Jin harshe daban, iya rubuta shi daban. Sunayen waƙoƙin Fulfulde biyun nan sai an kai wa wanda ya karanci rubutun harshen ya duba, a kuma sa sunansa a kwali a matsayin mai duba rubutu.

Ajami fa? Yana da kyau a ido, yana da masu karatu a Wuro Hausa waɗanda boko bai kai gare su ba, kuma yanzu akwai samfuran kwamfuta da aka yi domin rubutunmu, irin su Alkalami da Harmattan. Sai dai a yi hattara ta fuska biyu. Muhawarar da ta biyo bayan cire ajami daga ƙananan takardun Naira a 2007 ta nuna cewa a ƙasar nan zaɓen rubutu yakan ɗauki ma'anar addini da siyasa, ko da abin da aka rubuta adadin kuɗi ne kawai. Sannan jama'a na girmama harafin Larabci, kwali kuwa takarda ce da wata rana za a iya tsintar ta a ƙasa ko a ƙunshe ƙosai da ita. Sunan albam cikin ajami babu laifi. Aya ko bisimilla a kan kwalin waƙar biki, wannan neman magana ne. Haka rubutun Adlam, wanda Ibrahima Barry da ɗan'uwansa Abdoulaye suka ƙirƙiro a Gini a 1989, ya kuma shiga tsarin Unicode a 2016: kafin ɗalibi ya ɗora shi don burgewa, ya fara tambayar ko cikin masu sauraronsa akwai mai karanta shi.

Hoto: na wa, da izinin wa?

Idan aka ce wa ɗalibi ya nuna Arewa, hannunsa kan tafi wurin dagi da raƙumi da rairayin hamada. Idan aka ce Fulani, sai ya shiga intanet ya ɗauko hoton Wodaabe na Nijar a wurin rawar gerewol, wani ma har makiyayan Kenya. Yola gari ne na kogi da fadama da duwatsu a nesa, kuma tana da nata taskar zane. T. J. H. Chappel ya wallafa littafi a 1977 a kan zanen ƙwarya na wannan yanki, Marla Berns da Barbara Hudson suka biyo da nasu a 1986. Abin da ayyukan nan suka nuna shi ne kowace al'umma da salonta, wasu da wuƙa mai zafi suke ƙona zanen, wasu su ƙarce shi su cike da baƙi, kuma mata ne mafi yawan masu yi. Zanen ƙwarya an gina shi ne a kan da'ira, yana fita daga tsakiya zuwa baki, don haka ya dace da tambarin faifai, kuma baƙi da ruwan ƙasa ba sa ɓacewa idan hoto ya ƙanƙance. Wannan shi ne irin abin da ɗaliban zane na Zariya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka yi kira a kai tun 1958: a ɗauki na gida a haɗa da dabarar zamani. Sharaɗin shi ne a je wurin mai zanen, a biya ta, a rubuta sunanta. Ɗaukar hoton ƙwaryarta a kasuwa a kwafe ba tare da saninta ba, sata ce, ko da an kira ta bincike.

Batun fuskokin mutane ya fi wannan nauyi. Matan da suka yarda a naɗi muryarsu a cikin gida ranar kamu ba lallai su yarda fuskarsu ta hau Facebook da TikTok ba, kuma murfin zamani can zai ƙare. Izinin murya daban, izinin hoto daban, kowanne a karɓe shi a rubuce ko a naɗe. Sau da yawa ma hoton hannu a kan ƙwarya, ko na lalle, ko na ƙofar zaure, ya fi fuska ƙarfi a ƙaramin murfi.

A gaban injin ɗab'i

Tun da na ce waƙa ta koma memori, me ya sa za a buga na takarda? Saboda ranar ƙaddamarwa ana bukatar abin da za a ɗaga a nuna, manyan baƙi su saya da daraja. Saboda waɗanda suka rera suna so su riƙe wani abu a hannu. Saboda sashen makaranta na bukatar abin ajiyewa. Ba dole ne faifai ya kasance a ciki ba, ana iya yanka gurbin memori ko filasha, a ƙara lambar QR da ba ta gaza santimita 2 ba, wadda ke kaiwa ga adireshin da zai rayu bayan ɗalibin ya gama makaranta.

A nan ne ɗalibi ke gamuwa da gaskiyar sana'a. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, tsarin RGB, inji kuwa da tawada huɗu, tsarin CMYK, shi ya sa shuɗin da ke ƙyalli a allo kan fito da duhu ya karkata zuwa shunayya. Fuskar baƙar fata da ba a buɗe mata haske ba takan nutse ta zama inuwa. Murfi mai santimita 12 yana bukatar fiksel 1417 kowane gefe idan ana so a samu ɗigo 300 a inci, ke nan fayil mai 3000 ya wadatar da waya da takarda duka, amma idan aka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto sai manhajar ta matse shi. A matsayin takarda ake turawa. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe domin wuƙar yanka ba ta bin layi daidai. Galibin shagunan ɗab'i da CorelDRAW suke aiki, kuma kwamfutarsu ba ta da samfurin haruffan ɗalibi, don haka sai an mayar da rubutu zane kafin a miƙa, in ba haka ba duk wahalar da aka sha a kan ƙ da ɗ ta tafi a banza a minti na ƙarshe.

Ga wanda zai buga kwafi kaɗan, injin da masu sana'a ke kira DI ya fi sauƙi, domin ba a yin faranti. Bugun faranti sai adadi ya yi yawa yake biyan kansa. Takardar A3 tana ɗaukar aljihun kwali biyu. Kati mai kauri da aka shafa wa leda yakan tsage a lanƙwasa idan ba a fara danna masa layi ba. Akwatin roba irin na CD kuwa, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, ƙurar hunturu kuma ta shiga ko'ina, saurin karyewa yake yi ya dushe. Aljihun kati cikin leda ya fi shi jure aljihu da akwatin keke.

Yadda za a auna aikin

Idan an yarda da abin da ya gabata, to rabon maki ma sai ya sauya. Ina ba da shawarar a tura waƙa ɗaya ta bi wayoyi uku ko huɗu, ta ratsa rumfar mai turi, a ga ko suna da hoto sun iso. A buɗe murfin a ƙaramar waya a tsakar rana, a miƙa wa wanda bai san aikin ba ya karanta. A kawo mai harshe ya karanta bayan kwali da ƙarfi a gaban aji. Ɗalibai su haɗo da takardun izini, da gwajin farko daga maɗaba'a, da lissafin abin da kowane kwafi ya ci. Kyan zane yana da nasa kaso, amma bayan waɗannan.

Bayan kwali kuma ya faɗi wa ya mallaki me. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tanadi haƙƙin mai ƙirƙira na a ambaci sunansa, ta tanadi haƙƙin mai rerawa, ta kuma sa kayan gargajiya na al'umma ƙarƙashin kulawar Hukumar Haƙƙin Mallaka. Waƙar bikin da aka gada kaka da kakanni ba ta zama ta ɗalibai don sun naɗe ta. Nasu shi ne naɗin da zanen, kuma ya kamata a rubuta hakan ɓaro-ɓaro, tare da wuri da shekara.

Akwai wurin da wannan ƙa'ida ke karo da al'ada, kuma ɗaliban da suka shiga Wuro Hausa za su ci karo da shi tun ranar farko. Dattijuwar da ta ja waƙar ƙila ba ta so a buga sunanta na yanka, da sunan ɗa ake kiranta ko da laƙabi, wata ma ba ta so a san ta rera sam, saboda kunyar surukai ko matsayin miji. Ba a tilasta mata, ba a kuma share ta. A tambaye ta, "Inna, wane suna kike so a rubuta?", a rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗe shi. Cikakken sunanta, idan ta amince, ya shiga takardar da sashe zai ajiye tare da kwafin albam da ainihin fayilolin zanen da samfuran haruffan da aka yi amfani da su, a kuma rubuta a jikin takardar wa ke da ikon buɗe ta, da kuma yaushe.